Masu Farautar Ganye: Tarihin Binciken Tsirrai a Ƙasashen da Aka Yi wa Mulkin Mallaka

 

 

An nemi in yi magana a kan tarihin binciken tsirrai a ƙasashen da Turawa suka mallaka. Na san wasu za su ce, a cikin duk tarihin mulkin mallaka, ga yaƙe-yaƙe, ga haraji, ga aikin tilas, sai maganar ganye da saiwa? To, a yi mini haƙuri a saurara. Abin da nake son nunawa shi ne, mai tsinkar ganye yakan riga mai bindiga isowa, kuma kusan duk inda ya sa ƙafa, wani ɗan ƙasa ne ya kama hannunsa ya kai shi gindin itacen. Ina da batutuwa biyar, ba kuma tsawonsu ɗaya ba.

Batu na ɗaya: me ya fitar da su daga gida?

Kuɗi ne da farko, ilimi ya biyo baya. A ƙarni na 17, kanumfari da gyaɗar ƙamshi suna da tsadar da za ta sa a yi yaƙi a kansu, kuma an yi. Gyaɗar ƙamshi a lokacin ba a samun ta ta kasuwa sai a 'yan tsibiran Banda, cikin Indunusiya ta yau. A 1621 kamfanin cinikin Holan, ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, ya auka wa mutanen tsibiran, ya kashe na kashewa, ya bautar da na bautarwa, don kada kowa ya sayar da ita sai shi. Fiye da shekara 100 suna tsare da irin, har wajen 1770 da wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka saci dashe aka kai tsibirin Moris.

Daga nan gwamnatoci suka gane cewa wanda ya san tsiro, ya kuma iya ɗauke shi daga ƙasa zuwa ƙasa, ya riƙe dukiya. A 1753 Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da littafinsa Species Plantarum, ya daidaita tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin, ya kuma tura ɗalibansa ko'ina a duniya, wasunsu ba su dawo ba. A 1759 aka kafa lambun Kew kusa da Landan. Joseph Banks, wanda ya bi jirgin Kyaftin Cook daga 1768 zuwa 1771 yana tara tsirrai, shi ya mayar da lambun cibiyar tattara iri daga ko'ina.

Ga misalin irin tunanin Banks. Masu gonakin rake a Jamaika suna neman abinci mai arha da za su ciyar da bayinsu, waɗanda yawancinsu daga nan Afirka ta Yamma aka kwashe su. Sai ya ba da shawarar a ɗebo wani itace daga Tahiti mai 'ya'ya masu cika ciki. Jirgin farko, Bounty, ya ɗauko dashe fiye da 1,000, amma a 1789 matuƙa suka yi tawaye suka watsar da su a teku. Aka sake tura wani, ya isa a 1793. Bayin kuwa suka daɗe ba su yarda sun ci ba. Kun ga ilimin tsirrai ne na gaske, amma wa yake yi wa hidima?

Batu na biyu: wa ya nuna musu?

Nan zan ɗan daɗe. Littattafan makaranta sukan ce wane ya gano tsiro kaza a shekara kaza. Ina tambaya, ta yaya mutumin da ya sauka daga jirgi jiya, ba ya jin harshen gari, zai san cewa ɓawon wancan itacen yana sauke zazzaɓi, na kusa da shi kuma yana kisa? Tambaya ya yi, aka gaya masa.

A kudancin Indiya, gwamnan Holan na Malabar, Hendrik van Rheede, ya shirya wani babban aiki mai suna Hortus Malabaricus, juzu'i 12, aka buga a Amsterdam tsakanin 1678 da 1693, ɗauke da bayanin tsirrai fiye da 700. Ƙashin bayan aikin wani mai maganin gargajiya ne, Itty Achudan, wanda ya kawo ilimin da ya gada daga iyaye da kakanni a rubuce a kan ganyen dabino irin nasu. A yi wa van Rheede adalci: ya sa sunan Achudan da shaidarsa a cikin littafin. Amma da Linnaeus ya zo ya ɗebi bayanai daga aikin, sunayen Turawa suka ci gaba da yawo, na Achudan ya tsaya a wancan shafi.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Daga ɓawon wani itace ake samun sa, mai suna sinkona, wanda ke fitowa a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka. A 1820 wasu masana haɗa magunguna biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin daga ɓawon. Buƙata ta yi yawa, dazuzzuka suka fara ƙarewa, Ingila da Holan suka shiga tseren samun iri. Wajen 1860 Ingila ta tura Clements Markham da Richard Spruce suka kwaso iri aka kai Indiya, sai dai itatuwan ba su da kwinin mai yawa.

Wanda ya san itacen kirki wani ɗan asalin Bolibiya ne, Manuel Incra Mamani, yaron wani ɗan kasuwa Bature mai suna Charles Ledger. Mamani yana iya bambanta nau'o'in sinkona da ido, abin da masanan Turai suka kasa. Ya yi shekaru yana jiran itatuwan da ya zaɓa su yi 'ya'ya masu kyau, a 1865 ya kawo wa maigidansa irin. Gwamnatin Ingila ta ƙi saye, Holan ta sayi kaɗan da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ta shuka a Jawa. Sai ga ɓawo mai kwinin sama da kashi 10 cikin 100. Kafin yaƙin duniya na biyu, kusan kashi 90 cikin 100 na kwinin ɗin duniya daga Jawa yake fitowa. Mamani fa? A 1871 ya koma neman iri, aka kama shi, aka yi masa dukan kawo wuƙa don ya faɗi wanda ya aike shi, bai daɗe ba ya mutu. Itacen kuma aka raɗa masa Cinchona ledgeriana, da sunan maigidansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma Edmond Albius, yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reyuniyon, wanda a 1841 ya gano yadda ake barbarar furen banila da hannu, da ɗan tsinke da babban yatsa. Har gobe da dabararsa ake noman banila a Madagaska. Ya mutu a 1880 cikin talauci.

Batu na uku: yadda ake ƙaura da itace

Wannan zan bi shi da sauri. Matsalar dashe a jirgin ruwa ita ce gishirin teku, da ƙarancin ruwan sha, da ɓeraye. Wajen 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura cewa tsiro yana rayuwa watanni cikin rufaffen gilas ba tare da ban ruwa ba, domin danshin da ya tashi yana sake komawa ƙasa. Akwatin gilas ɗinsa ya sauya komai. Da shi Robert Fortune ya kwashe dashen shayi daga Sin zuwa Indiya daga 1848. A 1876 Henry Wickham ya kai irin roba kimanin 70,000 daga Birazil zuwa Kew, 'yan dubbai kaɗan suka tsira, aka zuba su cikin irin waɗannan akwatuna zuwa Silon da Singafo. Kafin 1914 robar gonakin Asiya ta zarce ta dajin Amazon, arzikin birnin Manaus ya durƙushe. Mutanen Birazil suna kiran abin sata, wasu masana tarihi kuma suna cewa babu dokar da ta hana fitar da irin a lokacin. Ku yanke hukunci da kanku.

Bari in gyara wani zance da muke yawan maimaitawa, cewa Maleshiya daga Nijeriya ta ɗauki kwakwar manja bayan samun 'yancin kai ta wuce mu. Gaskiya ne itacen na Afirka ne, gaskiya ne kuma daga baya masanansu sun zo sun tara iri a nan. Amma tushen gonakinsu ya girmi haka nesa: dashe huɗu ne aka shuka a lambun Bogor da ke Jawa a 1848, gonakin kasuwa kuma suka fara a Sumatra a 1911, a Malaya a 1917. Ba a dare ɗaya suka wuce mu ba, shekaru suka yi suna zaɓen iri.

Hanyar kuma ba ɗaya ba ce. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo mana. Darbejiyar da ke inuwantar da titunan Maiduguri da Sakkwato 'yar Indiya ce, a zamanin Turawa aka kawo ta.

Batu na huɗu: da suka iso Kwara da ƙasar Hausa

Yanzu mun zo gida. A ayarin da ya ratso hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1822 zuwa 1823 akwai mutum uku: Denham, Clapperton da Dokta Walter Oudney. Oudney likita ne mai tara tsirrai. A hanyarsu ta zuwa Kano ya rasu a wani gari kusa da Katagum, cikin Janairun 1824. Clapperton ya ci gaba, ya isa Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A tuna fa, Bello da kansa marubuci ne a fannin magani, ya yi rubuce-rubuce har a kan ciwon ido. Wato baƙon bai iske mutanen da ba su san daji ba. Busassun ganyayen da ayarin ya kai Landan su Robert Brown ya yi wa bayani a 1826.

A 1841 Ingila ta turo jirage uku, Albert, Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da kafa gonar gwaji a Lakwaja. A ciki akwai Samuel Ajayi Crowther, da Fasto Schön wanda daga baya ya rubuta nahawun Hausa, da kuma wani matashin Bajamushe masanin tsirrai, Theodor Vogel. Zazzaɓi ya afka musu, Turawa fiye da 40 suka mutu. Vogel ya jure yana tara ganye har jiki ya ƙi, ya rasu a tsibirin Fernando Po cikin Disambar shekarar, yana ɗan shekara 29. Abin da ya tara shi ya zama tushen littafin Niger Flora da William Hooker na Kew ya fitar a 1849.

Ku riƙe wannan adadi na 40, ku kwatanta da abin da ya faru bayan shekara 13. A 1854 Dokta William Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Kwara ya shiga Binuwai, ya sa kowane Bature ya sha kwinin kullum tun kafin zazzaɓi ya kama shi. Suka yi watanni a kogi, suka dawo ba a rasa ran ko ɗaya ba. Ba ina cewa kwinin kaɗai ya ci ƙasar nan ba: akwai bindiga mai ruwa, akwai jirgin hayaƙi, akwai rarrabuwar kanmu. Amma sauro ne ya daɗe yana tsare mana bakin kogi, kuma ɓawon itace daga Andes ne ya kawar da shi daga hanya. Da gonakin Jawa suka sa maganin ya yi arha, sai hafsoshin Gwamna Lugga suka iya zama a Lakwaja da Zungeru, har suka shiga Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Kun ga yadda wahalar Mamani a Bolibiya ta taɓa tarihin Kano?

Baikie ya dawo a 1857 da wani mai aikin lambu da aka horar a Kew, Charles Barter. Jirginsu Dayspring ya yi karo da dutse kusa da Jebba ya nitse, suka maƙale a ƙasar Nufe. Barter bai zauna ba, ya yi ta tara tsirrai har ya rasu a Rabba a 1859. Ɗaliban ilimin tsirrai, duk inda kuka ga barteri ko vogelii a sunan itacen Afirka ta Yamma, yawanci waɗannan mutane biyu ake tunawa.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye shi ne Dokta John Dalziel, ɗan Sukotlan, likitan gwamnati da ya zo Afirka ta Yamma a 1905, ya yi aiki a Arewa, ya tara tsirrai a wurare irin su Katagum, Sakkwato da Yola. A 1916 ya buga A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai da Hausa, da sunayensu na Latin, da abin da ake yi da su. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa. Aiki ne mai inganci, kuma ba na jin kunyar yaba shi.

Amma ku buɗe littafin ku tambayi kanku: wa ya gaya masa da bagaruwa ake jima? Majemi. Wa ya gaya masa yadda ake jiƙa baba a karofi? Marini. Wa ya gaya masa abin da ake ba maijego, da ganyen da shanu ke ci su kumbura, da tunya da ake shafa wa kibiya? Ungozoma, da makiyayi, da maharbi. Ɗaruruwan mutane ne suka buɗe masa bakinsu, kuma al'adar rubutu ta lokacin ba ta ga dalilin ajiye sunayensu ba.

Al'amarin raɗa suna ma da siyasa a cikinsa. Ɗorawa, wadda matanmu ke yin daddawa da kalwarta tun fil azal, Robert Brown ya sa mata Parkia don tunawa da Mungo Park. Kuka ta ɗauki sunan Michel Adanson, wanda ya zauna a Senegal daga 1749. Gawo, abokin manomi, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, a 1934 Auguste Chevalier ya sa masa Faidherbia, da sunan Louis Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, wanda ya yaƙi Alhaji Umaru Futi, surukin Muhammadu Bello. Sunayenmu kaɗan ne suka tsira a cikin Latin: doka ta zama Isoberlinia doka, iburu ya zama Digitaria iburua.

Batu na biyar: me ya rage a hannunmu?

Kada a fita daga ɗakin nan a ce na ce duk ɓarayi ne. Vogel bai tara dukiya ba, kabari ya samu. Spruce ya koma gida da jinyar da ba ta sake shi ba. Da yawansu son sani ne ya kore su daga gida. Amma jirgin da ya ɗauke su, da albashinsu, da lambun da ya karɓi kayansu, duk na daula ne, kuma daula ba ta kashe kuɗi a banza.

Abin da suka bari shi ne takardu masu ɗauke da busasshen reshe, a gefe an rubuta wuri, da rana, wani lokaci da sunan tsiron a harshen gari. A ma'adanar Kew kaɗai akwai irin waɗannan kimanin miliyan 7. Idan masani a Zariya yana son tabbatar da sunan wani itacen dajin Falgore, takardar da aka fara kafa sunan da ita galibi tana Landan ko Faris. Ajiya a waje guda kuma tana da haɗari: a Maris 1943 bam ya ƙone mafi yawan ma'adanar Balin, ciki har da tarin da aka kwaso daga Kamaru da Togo. Muna da namu, akwai ma'adanar Ibadan mai takardu fiye da 100,000, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello. A 1980 Z. O. Gbile ya fitar da jerin sunayen tsirrai da Hausa, H. M. Burkill kuma ya faɗaɗa aikin Dalziel zuwa juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2004. Yanzu ana ɗaukar hoton takardun Turai ana sa su a intanet, ɗalibi na iya duba su da wayarsa.

Amfaninsu gare mu a fili yake. Takardar da aka rubuta a Katagum shekara 100 da suka wuce shaida ce ta abin da ke tsirowa a wurin a lokacin. Ɗalibi zai iya ɗaukar jerin Dalziel ya koma garin, ya zauna da tsofaffi, ya ga wanne ne yake nan, wanne gatari da gawayi da fari suka cinye, wane suna ne matasa ba su taɓa ji ba. Wannan bincike ne da ba ya buƙatar injin miliyoyi. Sharaɗina ɗaya ne ga duk wanda zai yi shi: ya nemi yardar mai ilimin, ya rubuta sunansa da garinsa idan ya amince, ya kuma koma masa da sakamakon. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a raba amfanin da aka samu daga irin wannan ilimi da masu shi, amma takarda ba ta aiwatar da kanta, kuma ɗan ƙasa ma yana iya yi wa mai magani abin da aka yi wa Mamani.

Mai girma shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo, a nan zan dakata.  Ina fatan jin ta bakin iyayenmu masu maganin gargajiya da ke nan, domin akwai abubuwan da suka fi ni sani a wannan fage. Mai tambaya ko gyara, bismillah.